Shekara Uku a Bayan Ƙofa: Lamarin Wata 'Yar Kasuwar Taminus

Na yi aikin jinya shekara talatin da ɗoriya kafin in yi ritaya. Yanzu ina cikin matan da Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu a nan Jos ta ɗora wa ziyarar marasa lafiya da waɗanda ƙafarsu ta ɗauke daga sujada. Lamarin da zan shimfiɗa a nan na ɗaya daga cikinsu ne, wadda tsoro ya tsare a gida shekara uku bayan tashin bam a kasuwa. Ta ba ni izinin rubuta shi, da sharaɗin kada in faɗi sunanta ko unguwarta, don haka zan riƙa ce mata Mama kawai. Na rubuta ne domin masu ziyara irina da dattawa da matan fastoci, saboda mun daɗe muna yi wa matar nan kuskure, ni ma ina ciki, kuma irinta ba su da iyaka a kan bencinan majami'unmu.

Yadda take kafin abin ya faru

Mama 'yar kasuwa ce tun tana budurwa. Kayan miya ne sana'arta: tumatur, tattasai, attarugu, albasa, wani lokaci kabeji da karas. Da asuba takan tafi Farin Gada ta saro kwando biyu ko uku, ta kawo su Taminus ta kasa a bakin titi, inda 'yan kasuwa da yawa suka koma bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a 2002. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da tumatur ɗin nan ta kai su makaranta. A zumunta ita ce mai buga tulu. In ta zauna ta ɗora shi a gabanta, ko wadda ba ta iya rawa ba sai ta motsa kafaɗa.

Ina so a san ba matsoraciya ba ce. Rikicin 7 ga Satumba 2001 a kasuwa ya same ta, ta taka da ƙafa har gida. Na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 duk a garin nan ta gan su. Bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Gada Biyu da Unguwar Rukuba ba su hana ta sujadar safiyar Kirsimeti ba. A 2012, da aka kai hari majami'ar hedkwatar COCIN a watan Fabrairu, aka sake kai wani harin majami'ar St. Finbarr da ke Rayfield a watan Maris, mutane da yawa sun yi makonni ba su leƙa coci ba. Ita kuwa tana kan layin bincike a bakin ƙofa, riƙe da Littafi Mai Tsarki ba jaka, tana tsokanar yaran da ke binciken. Ta sha faɗa wa mata masu fargaba cewa wanda ya riƙe ta tun daga cikin uwa ba ya gyangyaɗi. Hausawa dai sun ce in ka ji ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba.

Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika, bam ya tashi a Taminus. Kafin rabin awa na biyu ya tashi, ya rutsa da mutanen da suka ruga ceton waɗanda na farko ya jikkata. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 118 ne suka mutu. Mama ta fita da ƙujewa a gwiwa da toshewar kunnen hagu na ɗan lokaci. Autarta, wadda ke taya ta zama a ranar, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Ranar Lahadi aka kira su gaba aka yi godiya, aka yi guɗa. Iyakar abin da ikilisiya ta sani ke nan, kuma a wurinmu labarin ya ƙare da kyau.

Ta koma kasuwa bayan mako uku, tana zuwa tana fashi. A Disamba na shekarar aka sake tayar da bama-bamai a yankin Taminus. Ba ta wurin a ranar, a rediyo ta ji. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba. Sannu a hankali Farin Gada ma ta fita daga lissafi, sai taron zumunta na tsakiyar mako, sai sujadar Lahadi. A ƙarshe ko bakin titin unguwarsu ba ta iya kaiwa.

Abin da ake gani a jikinta, kamar yadda 'ya'yanta suka ba ni labari kuma na gani daga baya: barci ba ya wuce awa biyu ko uku, ta farka jiƙe da gumi cikin sanyin Jos. In taya ta fashe a titi ko janareto ya yi tari, sai ta durƙushe ta rufe kai. Ba ta iya tsayawa kusa da mai babbaka ƙafar saniya, warin kaɗai ya isa ya sa ta amai. Ta hana a ajiye mota a ƙofar gidansu. Abin da ya fi damun gidan shi ne yadda ta ɗaure autar: in yarinyar ta fita, sai ta kira ta sau goma kafin azahar, in waya ba ta shiga ba ta fara kuka kamar an riga an kawo gawa. Yarinyar ta samu gurbin karatu a wajen jihar, Mama ta ce sai dai bayan ranta.

Abin da muka gwada, da yadda ya ƙara mata ciwo

Farko an bi ta hanyar da kowa ke bi, aka yi ta ba ta maganin maleriya da taifod. Wani mai kemis ya haɗa ta da ƙwayar barci da ake kira baliyam, ta shekara biyu tana sha ba da sanin likita ba, har ɗaya ta daina kama ta.

Mu kuma muka je da ayoyi. Muka cika falonta mu takwas cikin zanen zumunta, muka yi waƙa da ƙarfi, muka karanta mata 2 Timoti 1:7, cewa Allah bai ba mu ruhun tsoro ba. Wata a cikinmu ta ce, "Haba Mama, ke da kike ƙarfafa mu? Ina bangaskiyarki ta tafi?" Ni da bakina na ce mata tsoro da bangaskiya ba sa zama ɗaki ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, ku ci gaba da yi mini addu'a." Mun fito muna ganin mun yi aiki. Daga baya ta faɗa mini cewa a daren nan ta yanke wa kanta hukunci cewa ita ba mai bi ba ce, tun farko ma yaudarar kanta take yi.

Wata 'yar'uwarta ta kai ta wani gidan addu'a a bayan gari. Mai wurin ya ce aljanin tsoro ne aka turo mata daga kasuwa, ya karɓi kuɗi, ya sa ta azumin kwana bakwai ba ci ba sha da rana, ga ta da hawan jini. A kwana na huɗu ta yanke jiki ta faɗi. Ban musanta cewa akwai yaƙin ruhu ba, Littafi ya faɗa. Amma wanda ya sa mace mai hawan jini, wadda ba ta barci, irin wannan azumi ba tare da ya tambaye ta ko me ta gani ranar Talatar nan ba, bai yi mata aikin makiyayi ba.

Ayar Timoti ɗin nan ta daɗe tana damuna tun daga lokacin. Bulus ya rubuta ta ne daga kurkuku zuwa ga saurayin da yake kira ɗansa, bayan ya tuna masa da hawayensa da bangaskiyar kakarsa da ta mahaifiyarsa, yana ƙarfafa shi kada ya ji kunyar shaidar Ubangiji. Hannu ne aka miƙa wa mai rauni. Mu muka juya shi ya zama bulala. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji masu iya magana, amma mu sai muka haɗa wa Mama duka biyun a cikin ɗakinta. Kuma kunyar ce ta rufe mata baki shekara uku.

Ziyarar da ta sauya hanya

Na koma ni kaɗai ne saboda autar ta tare ni bayan sujada tana hawaye. Na je da kwanon gwate da na'urar awon jini, ban je da wa'azi ba, domin na ƙarar da wanda nake da shi. Awon ya nuna jininta ya hau sosai. Na ga fakitin ƙwayar barcin a kan taga. Nan tsohon aikina ya farka, na ji kunyar yadda na bar idon jinyata a gida duk lokacin da na ɗaura zanen zumunta.

Na yi mata bayani yadda zan yi wa kowane majinyaci. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne. In ya hango haɗari, kafin mutum ya yi tunani ya riga ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe, ƙafa ta shirya gudu. Allah ne ya sa maigadin nan a wurin, shi ya kai ta gida lafiya a 2001. Amma bayan babbar masifa, a wurin wasu mutane maigadin ba ya komawa ya zauna. Kowace ƙara a wurinsa bam ce, kowane hayaƙi na ranar nan ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. In abin ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa, likitoci na kiransa PTSD, kuma ana maganinsa. Abin da ke ciyar da shi kuwa shi ne gujewa: duk ranar da ta fasa fita ta ji sauƙi, maigadin sai ya ƙara tabbata cewa zaman gidan ne ya cece ta.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, wato ciwo ne? Ba wai Allah ya juya mini baya ba?"

Na buɗe mata 1 Sarakuna sura 19, na ce ita za ta karanta. Iliya ya gama ganin wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, sai saƙon Yezebel kaɗai ya sa shi gudu har jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai tambaye shi ina bangaskiyarsa ba. Ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa ga ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake ta da shi ya ci. Sai da ya kai Horeb sannan Allah ya tambaye shi abin da yake yi a wurin, ya bar shi ya zazzage cikinsa har sau biyu. Bayan haka ne ya ce masa ya koma, ya kuma ba shi Elisha.

Da ta kai wurin da iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, amma Ubangiji ba ya cikinsu, sai ta tsaya. Ta sa yatsa a kan layin ta sake karantawa a hankali. Ta ce, "Ashe ba ya cikin ƙarar." Ban gane nauyin maganar ba a lokacin. Ta cinye gwaten, abin da autar ta ce ta daɗe ba ta yi ba.

Tsarin da ke cikin surar nan shi muka bi, ban ƙirƙiro wani ba: ci da barci tukuna, sannan magana, sannan komawa, kuma da abokin tafiya.

Kai ta asibiti ya ɗauki mako biyar ana lallashi, domin da ta ji sunan sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Mun tafi da sassafe a motar ɗanta, idonta a rufe duk hanya. Likitan ya daidaita maganin hawan jinin, ya tsara yadda za a janye ƙwayar barcin kaɗan-kaɗan, domin wanda ya daɗe yana shanta in ya bari farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga. Ya ba ta wani magani na daban, ya gargaɗe mu cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsa.

Abin da ke ƙarƙashin tsoron

Wata rana muna zaune a tsakar gida muna tsince wake, barci ya fara dawo mata, sai ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Yaya, ni na kashe yaron."

Akwai wani ɗan dako, saurayi da bai kai ashirin ba, Musulmi, wanda ya shekara uku yana tura mata kwanduna a baro daga inda mota ke saukewa. Mama yake ce mata. Takan raba abincin ranarta da shi. Ranar Talatar nan, 'yan mintoci kafin bam na farko, ta aiki autar neman canji. Da ƙarar ta tashi, hayaƙi ya rufe ko'ina, ba ta ga yarinyar ba. Yaron ne ya ɗaga ta daga ƙasa. Ta riƙe masa riga tana ihu, "Je ka nemo mini ita! Don Allah je ka nemo ta!" Ya ce, "Kwantar da hankalinki Mama, yanzu zan kawo ta." Ya ruga wajen da hayaƙin yake. Yarinyar ashe ta bi ta wani lungu, ta ɓullo ta bayanta. Suna rungume da juna na biyun ya tashi.

Ba ta faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanta. Ranar da muka yi mata guɗa a gaban ikilisiya, ita abin da take ji shi ne ta sayi ran 'yarta da ran ɗan wata. Ta kuma gaskata cewa Allah mai adalci ne, don haka wata rana zai karɓi bashinsa, kuma ta san da wa za a biya. Shi ya sa kiran waya sau goma. Shi ya sa ta daina cin Jibin Ubangiji tun kafin ta daina zuwa sujada, ba wanda ya lura. Kowace taya da ta fashe, a kunnenta muryar Allah ce yana cewa lokaci ya yi.

Wannan shi ne wurin da nake so masu ziyara su tsaya su duba da kyau. Shekara uku muna jifan tsoron bam da ayoyi, alhali Allah ne matar take tsoro, irin tsoron da mai laifi ke yi wa alƙali. Manzo Yahaya ya faɗi wannan a wasiƙarsa ta fari, sura 4 aya 18: tsoro yana tafe da zaton hukunci, cikakkiyar ƙauna kuwa ita ke korarsa. Na haddace ayar tun ina yarinya, amma rabin da ke maganar ƙauna kaɗai nake ja. Ban taɓa tambayar wani mai tsoro wane hukunci yake jira ba.

Da izininta na gaya wa Baba Rabaran. Ya zo shi da Mama Fasto, ya zauna a kujera 'yar tsugunne, ya saurare ta daga farko har ƙarshe bai katse ta ba. Bai ce mata ba komai ba, domin da komai, yaro ya mutu. Ya ce, "'Yata, uwa ce ta nemi 'yarta. Jinin yaron nan yana kan wanda ya ɗaura bam ya kawo cikin kasuwa, ya kuma jira mutane su taru kafin ya ta da na biyu." Ya buɗe Luka 13, inda Yesu ya yi maganar mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da zai yi musayar rai da rai a bakin titi, kuma in ma akwai bashi, a kan gicciye aka biya, ba za a sake zuwa karɓa a kan autarta ba. Ya karanta Romawa 8:1. Sannan ya tuna mata cewa Ubangiji kansa a Getsamani ya ce ransa na shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi. Ranar nan a tsakar gidanta ya ba ta Jibi. Hannunta na rawa har ruwan inabin ya ɗiga a zanenta.

Komawa

Fahimta ba ta kwantar da maigadin nan dare ɗaya. Sai an koya masa da ƙafa. Muka tsara matakai tare da shawarar asibiti, ita ce ke zaɓen na gaba. Daga ƙofar gida zuwa mai shagon unguwa. Daga nan zuwa bakin titi. Majami'a ranar da ba kowa, ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Doka ɗaya ce: ba a juyawa gida lokacin da zuciya ke tsakiyar bugu, sai an tsaya har ta sauka da kanta, domin tana sauka. Na koya mata ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida. Ita ce ta maye ƙirgen da Zabura 56:3, inda Dawuda ya ce ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Abin da ya kama ta a ayar shi ne mutumin da ya kashe Goliyat ne ke cewa yana jin tsoro, kuma a Gat, garin Goliyat ɗin, ya shiga halin da ya sa shi faɗin haka. Takan ja numfashi da rabin farko, ta sake shi da rabin ƙarshe.

Na yi kuskure babba a nan. Da na ga ta yi Lahadi uku a jere, zumuɗi ya ɗebe ni na matsa mata ta zo sujadar waƙoƙin Kirsimeti da yamma. Ta ce ba ta shirya ba, na ce ai Ubangiji ya riga ya yi. Muna fitowa wasu yara suka jefa banga, abin wasan nan mai fashewa da ƙara, a bayan katanga. Ta kife a ƙasa a gaban jama'a tana kiran sunan autar. Wata biyu ba ta ƙara fita ba, mako biyun farko ko ƙofa ba ta buɗe mini ba. Na je na roƙi gafararta a bakin taga. Na so in ga shaidar da zan bayar a zumunta fiye da yadda na so in bi takunta, gaskiyar ke nan.

Muka sake farawa daga mai shago. Farin Gada da asuba ta zo bayan wata huɗu. Taminus kuwa sau uku muka ratsa ta a keke ba mu sauka ba. A na huɗu muka sauka. Ta tsaya a daidai inda take kasa kaya, wata mata ce yanzu a wurin da tiren lemo. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali, leɓenta na motsi, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Minti goma sha biyu na duba a agogona kafin riƙon ya sassauta. Ta sayi lemo na ɗari biyu a hannun matar, muka tafi.

Ita ce ta ce tana so ta ga mahaifiyar yaron. Na ji tsoron wannan fiye da ita. Garin nan ya rabu tun rikice-rikicen baya, akwai unguwannin da ni kaina na shekara goma ban taka ba, kamar yadda su ma akwai namu da ba sa shiga. Ta hannun wani dattijo cikin 'yan dakon kasuwa aka samo gidan, shi ya yi mana jagora, ɗan Mama na biye da mu. Mun tafi da rana, da sabulu da turmin atamfa da ɗan abin da ya samu. Addu'a mun yi, hankali ma mun yi, kamar yadda Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro.

Aka shimfiɗa mana tabarma. Mama ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ta'aziyya na kawo, ta yi latti shekara huɗu." Ta faɗi komai, har kalmomin da ta yi ihu da su. Matar ta yi shiru mai tsawo. Ba su samu gawarsa ba, ashe. Duk shekarun nan ba ta san inda yake tsaye ba, ba ta san ko ya sha wahala ba, ba ta san ko gudu yake yi ba. Sai ta fara tambaya: wace riga ce a jikinsa, ya ci abinci ranar, me ya ce. Mama ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ci, shinkafa da wake, tare suka ci. Da ta maimaita maganarsa ta ƙarshe, matar ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Haka yake. Ko a gida haka yake." Can ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, baiwar Allah. Ke ba ki kashe mini ɗa ba. Yau kin kawo mini shi."

Ban ce wannan ziyara ta dace da kowane lamari ba. Da matar ta karɓe mu da zafi, kuma tana da hakkin haka, da aikin wata shida zai iya rushewa. Mun yi shawara da likita da Baba Rabaran kafin mu tafi, kuma sai da Mama ta iya tsayawa a Taminus tukuna.

Inda lamarin yake yanzu

Autar ta tafi karatunta, ta gama, tana aiki a Abuja. Suna waya sau ɗaya da dare. Mama ta kafa tebur a 'yar kasuwar kusa da gida, tana zuwa Farin Gada sari da kanta, takan shiga Taminus sayen leda da kayan ƙamshi. Ta koma kan tulunta. An janye ƙwayar barcin gaba ɗaya, na hawan jini ne take kai.

Tsoron bai ɓace ba. A Agusta 2021, da aka sa dokar hana fita a Jos bayan kashe matafiya a hanyar Rukuba, mafarkan suka dawo mata na kusan mako uku. Labarin hare-haren Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023 ma ya kwantar da ita kwana biyu. Bambancin shi ne yanzu takan ɗauki waya ta ce, "Yaya, abin nan ya taso, zo ki zauna da ni," ba ta kuma ɗauka cewa Allah ne ya zo karɓar bashi. A zumunta mun sauya yadda muke ziyara: mutum biyu kawai ke zuwa, a zauna a ji tukuna, kuma in an ga alamar rashin barci da firgita a haɗa da asibiti. Da aka kawo wasu mata daga ƙauyukan da aka kai wa hari suka sauka wurin dangi a unguwarmu, Mama ce ta ce a sa ta cikin masu zuwa. Na ji ta tana tambayar ɗaya daga cikinsu, a hankali, "In kin rufe ido, me kike gani?"

Ranar Talata ce har yanzu ba ta fita kasuwa. Takan ce ranar wanki ce, mu biyu kuma mun san dalili. Ta ce in damina ta wuce za ta gwada, da safe, in zan raka ta. Na ce ta faɗi ranar da kanta.